JAMES JOULE, BATUREN DA YA AUNA AIKI

A cikin mutanen Arewa mazauna Kurmi, tun daga Sabon Ibadan har Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da Shagamu da Fatakwal, akwai da yawa waɗanda iyayensu ko kakanninsu a Jos suka fara neman abinci kafin zuriya ta gangaro Kudu. Irin waɗannan ba sai an yi musu dogon bayani game da aikin kuza ba. Sun ji labarin ramukan Bukuru da na Barikin Ladi, da lebura mai kwanon sarki a ka yana hawowa daga gindin rami, heluma na tsaye yana ƙirga sawu. Sun kuma san wutar NESCO wadda ake samu daga ruwan Kurra.

To, kamfanonin kuza da abu uku suka yi aiki a kan tudun Jos: ƙarfin mutum, da wutar kwal, da faɗuwar ruwa daga kan dutse. Aikin duka ukun kuwa ɗaya ne, watau ɗaga ƙasa da ruwa daga cikin rami zuwa sama. Amma ta yaya injiniya zai san lebura nawa ne ke daidai da tan guda na kwal, ko kwal nawa ne ke daidai da kogin da ke tsirgowa daga kan dutse? Sai fa in akwai mudu guda wanda zai auna su duka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa wajen gyara wannan mudu shi ne James Prescott Joule, wani Baturen Ingila wanda ya mutu kimanin shekara 15 kafin Turawan kuza su kafa sansani a Naraguta. Sunan nasa Jul ake faɗinsa.

Haihuwarsa Da Tasowarsa

An haife shi ran 24 ga watan Disamba, 1818, a garin Salford, wanda kogi kaɗai ya raba shi da birnin Manchesta a arewacin Ingila. Ubansa, Benjamin Joule, attajiri ne mai babban gidan yin giya wanda shi ma ya gada. Manchesta a wannan zamani ita ce uwar masaƙun auduga ta duniya, ko'ina mutum ya duba injunan tururi ne ke cin kwal suna juya ƙarafa, hayaƙi ya rufe gari. A cikin wannan ƙara yaron ya buɗe ido.

James ya taso ba shi da cikakkiyar lafiya, ƙashin bayansa na da ɗan lahani, ga shi da kunya da ƙarancin magana. Saboda haka ba a sa shi makaranta ba, a gida aka yi ta koya masa. A cikin 1834 uban ya tura shi tare da wansa wurin wani tsohon malami mai suna John Dalton, wanda ya shahara da bayanin cewa kowane abu da ƙananan ƙwayoyin zarra aka gina shi. Dalton ya ɗora su a kan lissafi, ya kuma koya musu cewa magana a kan kimiyya ba ta da daraja sai an auna an rubuta lamba. Karatun bai yi nisa ba, domin a cikin 1837 ciwon shanyewar jiki ya kama malamin. Joule kuwa bai taɓa shiga jami'a da sunan ɗalibi ba.

Tun yana saurayi ya shiga aikin gidan giyar ubansa, daga baya ma shi ne ya riƙa kula da shi. Bincikensa da sassafe yake yi kafin ya fita, ko da dare bayan ya komo. Sana'ar gidan ta amfane shi ta wata hanya, gama masu wannan sana'a dole su iya auna zafin ruwa daidai, in an kuskure kaɗan tukunya duka ta lalace. A nan idonsa ya saba da ma'aunin zafi. A gida kuwa shi da wansa ba su da wasa sai na lantarki, har sukan sa wa junansu da barorin gidan wuta don su ga yadda za ta fizge su.

Abin Da Masana Ke Nufi Da Aiki

Kafin a ci gaba da labarin, ya kamata mai karatu ya san abin da masana kimiyya ke nufi in sun ce aiki. A bakin jama'a gadi aiki ne, zaman ofis aiki ne. A wurin masana kuwa ba a yi aiki ba sai an sa ƙarfi a kan abu, abin kuma ya gusa ta inda aka tura shi. Yawan aikin shi ne yawan ƙarfin sau tsawon tazarar da abin ya gusa. Wanda ya ɗaga buhu zuwa kan mota ya yi aiki. In buhu biyu ne aikin ya ninka, in kuma motar ta ninka tsayi aikin ya sake ninkawa. Amma ɗan dako da ya tsaya cik da kaya a ka yana jiran mai kaya ya gama ciniki, a wannan lissafi bai yi wa kayan wani aiki ba, ko da wuyansa zai ƙage, domin kayan bai gusa ba.

Makamashi kuma shi ne abin da ake kashewa a sami aiki. Asalin kalmar itace ne ko gawayi da ake hura wuta da shi, amma masana sun faɗaɗa ta. Akwai makamashi a cikin kwal da fetur, akwai a cikin tuwon da lebura ya ci, akwai a ajiye cikin ruwan da aka tare a kan tudu, akwai kuma a jikin duk abin da ke gudu.

Turawan Ingila da laba da ƙafa suke auna aiki a lokacin. Ɗaga nauyin laba ɗaya tsawon ƙafa ɗaya shi ne awo guda. Waɗanda suka fi kowa kula da wannan awo su ne masu haƙar kuza da jan ƙarfe na lardin Cornwall a Ingila, domin ramukansu ruwa ke cika su, ga kwal da tsada a wurinsu. Kowane wata akan buga yawan ruwan da kowane inji ya ɗaga da kwal ɗin da ya ci, don a san injin da ya fi.

A wannan lokaci an fara ƙera injin da ke juyawa da lantarki daga batir, mutane da yawa kuwa sun ɗauka kwanan injin tururi ya ƙare. Joule ma ya ɗauka haka. Yana da shekara 19, a cikin 1838, ya buga takardarsa ta farko a kan irin wannan inji a mujallar wani masani mai suna William Sturgeon. Ya ƙera nasa, ya yi ta gyara, yana fatan ya maye gurbin injin tururin gidansu. Da ya zauna ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa, sai ya ga abin da bai so ba. Batir tutiya yake ci kamar yadda injin tururi ke cin kwal, aikin da laba ɗaya ta kwal ke yi a injin Cornwall mai kyau kuwa ya kusa ninka na laba ɗaya ta tutiya sau biyar, ga tutiya ta fi kwal tsada nesa ba kusa ba. A cikin 1841 ya tsaya gaban jama'a a Manchesta ya bayyana wannan sakamako, ko da yake ya rushe abin da shi kansa ya sa rai a kai.

Daga Ina Zafi Yake Fitowa?

Garin wannan gwaji ya lura da cewa waya takan yi zafi in lantarki na bi ta cikinta. Sai ya tsoma waya cikin ruwa ya yi ta auna zafin. A ƙarshen 1840 ya gano ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa: in lantarkin da ke bi ta waya ya ninka sau biyu, zafin zai ninka sau huɗu, in ya ninka sau uku, zafin zai ninka sau tara. Da wannan ƙa'ida dutsen guga da hita ke aiki, ita ce kuma dalilin da ya sa siririyar waya ke narkewa ta ta da gobara a shago in an ɗora mata kaya fiye da kima. Ya aika da takardar zuwa Royal Society, watau babbar majalisar masana ta Landan, sai suka buga ɗan taƙaitaccen bayani kawai suka bar sauran.

Manyan masanan zamanin sun yi imani cewa zafi wani irin ruwa ne marar nauyi da ba a gani, wanda ke kwarara daga abu mai zafi zuwa mai sanyi, ba a ƙirƙirarsa, ba kuma a hallaka shi. Tun 1798 wani mai suna Rumford ya yi shakkar wannan, sa'ad da ya ga zafin da ke fita wajen huda bindigogin igwa a birnin Munich na Jamus ba ya ƙarewa muddin dawakai na juya mahudin, har ya tafasa ruwa ba wuta. Amma ba a kula shi sosai ba.

Joule ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza. Ya ɗauki ƙaramin injin da ke ba da lantarki in an juya shi, ya sa naɗin wayarsa cikin ruwa, ya bar wani nauyi yana sauka a kan igiya yana juya injin. Ta haka ya san yawan aikin da ya shiga, ya kuma auna zafin da ya fito. Ya ga cewa aikin ne ke rikiɗa ya zama zafi, kuma canjin yana da tsayayyen farashi, kamar yadda ake canjin kuɗi. A watan Agusta 1843 ya tafi birnin Cork na ƙasar Ailan, wurin taron shekara na ƙungiyar masanan Birtaniya, ya faɗa musu cewa kafin zafin laba ɗaya ta ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Fahrenheit, sai an yi aikin da ya kai ɗaga laba 838 tsawon ƙafa ɗaya. Yana da shekara 24 a lokacin. Zauren ya yi tsit, ba wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci. Ɗan mai giya ne daga lardi, ba shi da digiri, ga shi duk hujjarsa ta rataya a kan ɗan ƙaramin bambancin zafi.

Tukunya Da Maburgi

Bai yi fushi ya bari ba. Ya koma gida ya sake gwaji ta hanyoyi dabam-dabam, don in farashin gaskiya ne, to, ta kowace hanya aka bi dole a iske shi. Ya matsa ruwa ta cikin ƙananan kafofi ya auna. Ya danna iska cikin tulun ƙarfe ya auna, ya aika wa Royal Society, suka ƙi bugawa. Daga nan ya zo ga gwajin da ya sa sunansa ya tabbata, wanda ya fara nunawa a Kambirij a cikin 1845.

Duk macen da ta taɓa kaɗa miyar kuka za ta gane wannan na'ura. Tukunyar jan ƙarfe ce cike da ruwa, a cikinta akwai maburgi na tagulla mai fukafukai, an kuma kafa waɗansu faranta a jikin tukunyar don su tare ruwan kada ya bi maburgin ya yi ta zagayawa. An naɗe igiya a sandar maburgin, an ɗaura mata curin dalma biyu. In an saki dalmar sai ta sauka a hankali, igiya ta warware, maburgi ya burga ruwan. Dalmar takan sauka inci 63, ya naɗe igiya ya mai da ita sama, ya sake saki, har sau 20 a gwaji guda. Bayan duk wannan, zafin ruwan da kaɗan yake wuce rabin digiri.

Auna irin wannan ɗan bambanci shi ne gwanintar Joule. Wani maƙerin kayan awo na Manchesta mai suna John Benjamin Dancer ya yi masa ma'aunan zafi waɗanda ba kamarsu a lokacin, shi kuwa da sabo yakan karanta har kashi ɗaya cikin 200 na digiri. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake gwajin don zafin ɗakin kada ya yi ta canzawa, yakan kuma sa allon katako tsakaninsa da tukunyar don ɗumin jikinsa kada ya ɓata awon. Ya gwada da ruwa, ya gwada da man kifin teku, ya gwada da zaiba, ya goga ƙarfe a kan ƙarfe. Kowane lokaci lambar kusa da wuri ɗaya take faɗawa.

A watan Afrilu 1847 ya yi lacca a ɗakin karatu na cocin St Ann a Manchesta, inda ya bayyana abin da duk wannan ke nufi: makamashi ba ya ɓacewa, ba kuma a samunsa daga babu, sai dai ya sake kama. Motsi ya zama zafi, zafi ya zama motsi, jimlar kuwa tana nan yadda take. Ko ɗan dakon nan da ke tsaye da kaya, abincin da jikinsa ke ƙonawa bai tafi a banza ba, zafi ya zama, shi ya sa yake gumi. Wannan lacca ba mujallar masana ce ta buga ta ba. Wata jaridar gari mai suna Manchester Courier ce ta fitar da ita a watan Mayu.

Taron Oxford

A watan Yuni na wannan shekara ya tafi taron masana a Oxford. Shugaban zaman ya ce masa ya taƙaita, domin lokaci ya ƙure. Da an tashi kamar yadda aka tashi a Cork, sai dai a cikin masu sauraro akwai wani saurayi mai suna William Thomson, wanda bai wuce shekara 23 ba amma ya riga ya zama shehun malami a Jami'ar Glasgow. Shi ne daga baya aka sani da Lord Kelvin. Thomson bai yarda da maganar nan take ba, gama ta saɓa wa abin da ya karanta, amma ya ga awon ba na wasa ba ne, ya nemi Joule suka tattauna. Daga ranar masana suka fara sauraro.

Ran 18 ga Agusta, 1847, Joule ya auri Amelia Grimes, suka tafi yawon amarci duwatsun Alps. Thomson ya ba da labari daga baya cewa ya gamu da shi a can ba zato, ango na riƙe da dogon ma'aunin zafi, amarya na cikin keken doki, yana neman inda ruwa ke faɗowa daga dutse don ya auna zafinsa a sama da ƙasa. A lissafinsa ruwan ƙasa dole ya fi na sama ɗumi kaɗan, tun da faɗuwar ta rikiɗa ta zama zafi. An gwada a wani wuri kusa da garin Sallanches, amma ruwan ya watse ya zama feshi, awo bai yiwu ba. Ba abin mamaki ba ne, domin sai ruwa ya faɗo daga tsayin mita 427 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Celsius.

A cikin 1849 mashahurin masani Michael Faraday da kansa ya gabatar da takardar Joule ga Royal Society, aka buga ta a 1850. Lambar da ya tsaya a kai ita ce 772. Awon zamanin yau ya ba da 778, watau kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A wannan shekara majalisar da ta ƙi takardunsa ta zaɓe shi ya zama ɗanta, ta ba shi lambar girma a 1852, sa'an nan ta ba shi mafi girman lambobinta, ta Copley, a 1870. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ba shi kaɗai ya hango wannan gaskiya ba. Wani likita Bajamushe, Julius Robert Mayer, ya rubuta irinta a 1842, aka kuma yi doguwar jayayya a kan wanda ya riga. Mayer da tunani da lissafi ya kai gare ta, Joule kuwa da awo ya tabbatar da ita. A 1871 shi ma Mayer aka ba shi lambar Copley.

Daga 1852 Joule da Thomson suka yi shekaru suna aiki tare, yawanci ta wasiƙa, Joule na gwaji, Thomson na lissafi. Sun gano cewa iskar da aka danne, in ta kuɓuce ta ƙaramar kafa, takan yi sanyi. Wannan na cikin tushen ilmin da aka gina firji da na'urar sanyaya ɗaki a kansa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Daidai lokacin da sunansa ya fara tashi ne baƙin ciki ya same shi. A cikin 1854 jaririnsu ya mutu, matarsa Amelia ma ta bi shi, ta bar masa ɗa da 'ya ƙanana. Bai sake aure ba. A wannan tsakani aka sayar da gidan giyar. Ya ci gaba da bincike da kuɗin aljihunsa, dukiya kuwa ta yi ta raguwa, har a cikin 1878 gwamnatin Sarauniya Victoria ta yanka masa fansho na fam 200 a shekara. A wannan shekara, yana gab da cika 60, ya sake fitar da awon tukunya da maburgi karo na ƙarshe, ya sami 772.55.

A 1882 wani injiniya mai suna William Siemens ya ba da shawarar a sa wa awon makamashi sunan Joule, a watan Agusta 1889 kuma taron masanan lantarki na duniya a birnin Faris ya amince. Bayan 'yan makonni, ran 11 ga Oktoba, 1889, Joule ya mutu a gidansa a garin Sale kusa da Manchesta, yana da shekara 70. A kan dutsen kabarinsa an sassaƙa lambar nan 772.55. An kafa siffarsa a zauren majalisar birnin Manchesta, tana fuskantar ta malaminsa Dalton.

Mudun Joule A Tudun Jos

Jul ɗaya ɗan ƙaramin awo ne, kusan aikin ɗaga nauyin giram 100 tsawon mita ɗaya. Da shi za a iya komawa ga tambayar kuza.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka kuza suna sayarwa. Kamfanin Neja ya bi sawun wannan kuza, injiniyansa H. W. Laws ya iso yankin a 1903, ba da daɗewa ba aka kafa sansani a Naraguta. Da farko kome a kan mutum yake: haƙa, ɗauka, wanki, har da kai kuzar bakin kogi. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, babban layi daga Fatakwal ta Kafanchan ya iso a 1927 yana kawo kwal na Inugu. Amma tudun Jos ya haura mita 1,200, koguna kuwa daga gefensa suke tsirgawa ƙasa. A farkon shekarun 1920 aka gina tashar lantarki a Kwall, a 1929 aka kafa kamfanin NESCO wanda ya gina ta Kurra.

Ga dalilin da ya sa kamfanonin suka bi ruwa. A ce lebura ya ɗauki kwanon ƙasa mai kilo 25 ya hau da shi mita 10. Aikin da ya yi wa kayan jul 2,450 ne. A ce ya yi sawu 100 a yini, ya tara jul 245,000. In aka mai da wannan duka zafi, ba zai tafasa lita ɗaya ta ruwa ba, domin ita tana bukatar fiye da jul 300,000. Tan ɗaya na ruwa kuwa, in ya faɗo mita 100, jul 980,000 yake saki, watau aikin kwana huɗu na wannan lebura, kogi kuma ba ya gajiya, ba ya neman lada. A tashar Kurra ruwan da aka tare a sama yakan gangaro ta bututu ya juya inji, inji ya ba da lantarki, waya ta kai shi fagen kuza ya juya famfo da manyan injunan haƙa. Makamashi ɗaya ne ke sake kama sau huɗu, abin da ya zube a hanya kuwa zafi ya zama, kamar yadda Joule ya nuna.

Sai dai mudun nan kaya yake aunawa, ba ya auna wahalar mai ɗauka. A 1942, da Japan ta kama Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, ga injuna sun yi wuyar samu saboda yaƙi. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta koma kan mutane. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kai su Jos tilas, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Kuzar da aka haƙa a 1943 ta wuce tan 17,000, amma mutane da yawa sun mutu saboda sanyi da ƙarancin abinci da cuta, waɗansu kuma suka gudu.

Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka watse suka bar kududdufai a Bukuru da Barikin Ladi. Lissafin Joule kuwa yana nan a kowane gida mai mitar wuta. Yunit ɗaya da mita ke ƙirgawa jul 3,600,000 ne, kusan aikin kwana 15 na leburan nan mai sawu 100. A jikin gwangwanin madara da ledar biskit ma akan rubuta makamashin abincin da kilojul, watau jul dubu-dubu. Lokaci-lokaci kuma akan ji wani na tallar janareta wanda ya ce zai ba da wuta har abada ba fetur, ba rana, ba iska, ba ruwa. Wanda ya san labarin tukunya da maburgi sai ya riƙe kuɗinsa ya tambayi mai tallar daga ina makamashin zai fito, gama banza ba ta kai zomo kasuwa.